Kwaikwayon Kayan Nok da Iyakar da Muka Ja wa Kanmu

Ƙaramin kamfaninmu da ke Jos yana gina tukwane da mutum-mutumin yumɓu bisa fasalin kayan Nok, wato tsofaffin kayan yumɓu na mutanen zamanin da, muna sayar wa makarantu da otal-otal da masu ƙawata ofisoshi. An fara cin karo da kayan asali ne a 1928 wajen haƙar kuza a ƙauyen Nok na kudancin Kaduna, kuma Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihin Jos a 1952, shi ya fito da su idon duniya.

Ba ma tace yumɓunmu ya yi laushi. Da dakakkiyar tsakuwa muke cuɗa shi kamar yadda maginan Nok na asali suka yi, domin ita ke rage fashewa a wuta. Ana murza yumɓun ne a ɗora zobe bisa zobe har kai ya tashi, cikinsa fayau, sannan a huda ƙwayar ido da hanci da baki yadda tururi zai sami mafita. Idon nan mai kusurwa uku shi ya fi wahalar da masu koyo, don da zarar ya karkace, fuskar ta daina zama ta Nok.

Masu bincike na Jami'ar Goethe ta Frankfurt, waɗanda suka fara tono a yankin a 2005, sun kai farkon al'adar Nok zuwa wajen shekara 1500 kafin Miladiyya. Sun tarar da tukwane lafiyayyu kusa da jerarrun duwatsu, wani lokaci har da duwatsun wuya, suka ɗauki wuraren a matsayin kaburbura, ko da yake ƙasar ta cinye ƙasusuwan. Mutum-mutumin kuwa galibi a farfashe aka binne su, wasu dab da kaburburan.

Wannan ya sa nake ƙin buƙatar dillalan da ke cewa mu turbuɗe sabon aiki a ƙasa ya yi kama da tsoho, duk da tsokar kuɗin da suke tayawa. Kasuwar jabu ita ce kasuwar masu tonon sata, abin da suke tonewa kuma makwancin mutane ne. Kowane aikinmu sai an danna masa hatimin kamfani da shekara tun yumɓun yana ɗanye, mai son fita da shi waje kuma mukan tura shi Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ya karɓi takardar izini.