Abin da na gani a cikin goro

Jiya bayan isha'i na zauna a gidanmu na Ƙofar Sauri da sakamakon ruwan goron da na tace. Na'urar auna nauyin sinadarai farfasa ƙwayar sinadarin take yi, sannan ta jera gutsattsarin bisa nauyinsu. Layi mafi tsawo yana kan 194, nauyin kafeyin ke nan, sinadarin nan mai hana barci, mai naitirojin huɗu. Sai ga 137, wato gutsure mai nauyin 57 ya ɓalle daga jikin ƙwayar kafeyin, wadda ke da siffar zobe. Da na hango 109, wani gutsuren da aka san kafeyin da shi, wallahi tsigar jikina ta tashi. Goron da Hajiya ke aikena saye tun ina ƙarami! Na kira malamina, ya ce, "Madalla. Gobe ka kwatanta shi da tsantsar kafeyin kafin ka rubuta komai."