Cikin mota ma sai da ido

Shagona bai fi ɗaki biyu ba: keken ɗinki biyu, yara uku, sai soso da aka jibge har rufi. Aikinmu kujerun mota, silin, kafet da jikin ƙofa. Ledar rufe kujera da gam a kasuwar Ƙofar Ruwa nan Kano nake saro su.

A wurin maigidana na koyi aiki, a kan Fijo 504 da 505, irin waɗanda aka haɗa a Kaduna. Cikinsu ba ado, amma yadin kujerar nan sai ka gaji da shi. Yanzu kuwa mota za ta sauka daga Kwatano, fentinta sai sheƙi, ka buɗe ƙofa ranka ya ɓaci. Roba ce baƙa wuluk mai ƙyalli zagaye da giya da rediyo. A hoto tana burgewa. Kwana biyu da hunturu ƙura ta kwanta mata, ka sa tsumma ka goge ta karce, kowane yatsa kuma sai ya bar shaida. Da rana tana haske idon direba. Ga katakon ƙarya, roba ce aka manna wa hoton itace, in ta fara ɓarewa daga gefe kamar bawon rogo.

Zafinmu ma ba ya raga musu. A watan Afrilu Kano tana haura maki 40, motar da aka ajiye a rana gilashi a rufe kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Akwai motocin wajejen 2007 zuwa 2011 da dashbod ɗinsu ke narkewa yana danƙo, ka ɗora takarda ta manne. Silin da ke zazzagowa kan mutum kuwa ba laifin yadin ba ne, siririn soson da ke bayansa ne ya rube ya zama gari. Wanda ya sake shafa gam bai kankare garin ba, wata biyu ya dawo.

Amma in faɗi gaskiya, rabin munin da nake gani mu muke sawa da hannunmu. Wani saurayi ya kawo min mota mai kujeru ruwan toka, lafiyayyu, ya ce leda ja yake so, da zare fari, da ɗinkin dara, sitiyari a sa masa riga mai gashi. Na ce, “Ƙanena, ledar nan da azahar ba za ka iya zama a kanta ba, shekara ɗaya kuma ta tsage.” Ya ce, “Oga, kai dai yi.” Na yi, kuɗinsa ne. Abu ɗaya na ƙi: gefen kujerar gaba akwai jakar iska mai kumbura ta kare mutum, ɗinkin wurin an yi shi ne don ya ɓarke in an yi haɗari. Ban ɗora masa leda mai kauri a kai ba, ya yi ta ƙunƙuni.

Abin da nake duba a aikin yarana uku ne, kuma duk ba sa ɗaukar ido: soso mai nauyi da ba ya lotsewa, launi da ya bi na ƙofa, ɗinki miƙe ba tattara a kwana. Jiya na sa ƙaramin ya warware kujerar baya gaba ɗaya saboda layin zare ya karkace da faɗin yatsa. Ya ce ai mai motar ba zai lura ba. Na miƙa masa reza.