Takardar fili daban, izinin gini daban

Mutane da yawa suna ɗauka da zarar shaidar mallakar fili ta shiga hannu, sai a kira magini a ja igiya. Ba haka ba ne. Shaidar mallaka tana tabbatar da haƙƙinka a kan filin ne kawai, bisa dokar filaye ta 1978. Abin da za ka ɗora a kansa kuwa sai hukumar tsara birane ta amince: KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. Wanda ya tsallake wannan mataki shi ne ake wayar gari a ga jan fenti a katangarsa.

Abin da ake nema bai cika bambanta ba daga jiha zuwa jiha: shaidar mallakar fili, zanen safiyo, zanen gini daga mai zanen da ke da rajistar ARCON (hukumar rajistar masu zanen gini), shaidar biyan haraji, sai kuɗin hukuma. In bene ne, dole a haɗa da zanen rodi da lissafin nauyi masu hatimin injiniyan da hukumar injiniyoyi ta COREN ta yi wa rajista, wani lokacin har da gwajin ƙasa. Yawancin zanen da ake dawowa da shi, a kan tazara ne: an cinye filin kakaf, ba a bar sarari tsakanin gini da titi ko katangar maƙwabci ba, ko an hau magudanar ruwa, ko an shiga ƙarƙashin babbar wayar lantarki.

Amma inda aka fi yin ɓarna shi ne bayan an karɓi izinin. Zane ya tafi durowa, magini ya ci gaba da yadda ya saba. Rodin milimita 16 da injiniya ya rubuta a ginshiƙi ya koma 12. Kankaren da ya kamata a kwaɓa ɗaya-biyu-huɗu, wato buhun siminti guda, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, sai a ƙara yashi, a tsuga ruwa don ya yi saurin zuba. Ruwan nan shi ke kashe ƙarfin kankare. Haka rodi: in ba a ɗaga shi daga katako da kamar milimita 25 ba, danshi zai same shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa dakin, wato rufin kankaren, daga ƙasa.

Shi ya sa dubawa take da lokacinta. Ramin harsashi kafin a zuba, ɗaurin rodin ginshiƙai da na dakin kafin a rufe. In kankare ya rufe, babu mai iya ƙirga rodin da ke ciki da ido. A ɗauki hoto a kowane mataki, injiniya ya sa hannu. Kuma kada a bar kafinta ya cire tokaran dakin don yana da wani aiki a gaba. A ba dakin ɗin kwana 21 ana shayar da shi ruwa, cikakken ƙarfinsa ma sai a kwana 28 ake auna shi.

Ƙarin bene kan gidan da aka amince da shi a matsayin na ƙasa sabon izini yake buƙata, domin harsashin ba don wannan nauyi aka haƙa shi ba. Mayar da ɗakunan gaba shaguna ma haka.

Idan an gama, a nemi hukuma ta zo dubawar ƙarshe ta ba da shaidar kammalawa da dacewar zama, wadda kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006 ya tanada. A haɗa ta da zanen da aka buga wa hatimi, rasitai da hotunan nan a fayil guda, domin su banki ko mai saye zai tambaya.