Kafin ka ce babu komai a garinku

Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin 'yan sakandare, musamman masu ƙoƙari a aji: "Ni dai ina gamawa zan tafi, babu komai a garin nan." Ni ma na faɗe ta, kuma har zuciyata na yarda da ita. Abin da ban taɓa tambayar kaina ba shi ne, ta yaya na sani? Yaron da iyakarsa gida da makaranta da filin ƙwallo, wanda bai taɓa shiga ofis ko masana'anta ko ɗakin gwaje-gwaje na garinsu ba, da me ya auna har ya ga babu komai? Katanga da ƙofa da mai gadi kawai yake gani. Aikin da ake yi a ciki, da irin ilimin da aikin yake ci, da gurbin da aka daɗe ana neman mai cike shi ba a samu ba, duk bai san da su ba.

Shi ya sa, ƙannena maza da mata, nake so mu yi maganar koyon aiki a lokacin dogon hutu. Tsari ne da ɗalibin sakandare zai je wata ma'aikata ko kamfani ko wurin sana'a ya yi 'yan makonni, a haɗa shi da wani ma'aikaci, ya ga yadda ake aiki, a ba shi abin da zai iya ya taɓa da hannunsa. Ba sabon abu ba ne a duniya. Birnin New York na Amurka yana da shirin sama wa matasa aikin hutu tun 1963, kuma a 2022 an faɗaɗa shi zuwa gurabe 100,000. Birnin Washington ya kafa nasa a 1979, zamanin magajin gari Marion Barry. A Faransa, ɗaliban ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare sukan yi mako guda a wurin aiki suna kallo suna tambaya, kuma daga 2024 aka ƙara mako biyu a watan Yuni ga 'yan ajin farko na babbar sakandare. A lardin Hyogo na Japan, tun 1998 ake tura 'yan ƙaramar sakandare su yi kwana biyar a wuraren aikin yankinsu. Switzerland kuwa ta wuce nan, don kusan kashi biyu cikin uku na matasanta, da sun gama karatun dole, koyon sana'a suke shiga, wasu ranaku a kamfani wasu a aji.

Dalilan waɗannan wurare ba ɗaya ba ne, amma ƙananan garuruwa da yankunan karkara suna da nasu dalilin na musamman. Su ne suke rainon yaro, su koyar da shi, da ya yi ƙarfi sai babban birni ya ɗauke shi. Asibitinsu na neman ma'aikatan jinya, masana'antarsu na neman masu gyaran inji, makarantarsu na neman malamin lissafi, alhali yaran da za su iya duk sun tafi, yawancinsu ma ba su san ana neman irinsu ba. Koyon aikin hutu dabara ce ta haɗa yaro da mai ɗaukar aiki tun kafin yaron ya ɗaure kayansa.

Ni an ba ni wannan dama, na yi wasa da ita. Abin da ya sa nake rubutun nan ke nan.

Karo na farko ƙin zuwa na yi. Malaminmu na kimiyya ya samo wa wasunmu gurbi a wata ƙaramar masana'anta da ke ƙera sassan injuna. Na leƙa, na ga baƙin mai a ƙasa, na ga ma'aikata cikin kayan aiki masu datti, na ce a raina ni da zan zama injiniya me zai kawo ni nan. Girman kai ne, ba wani abu ba, kuma girman kan jahilci, don ban san cewa injiniyan da nake mafarkin zama a irin wurin yake samun idonsa ba. Sai da na shiga jami'a aka ɗora mana zanen inji da auna ƙarfe, na ga waɗanda suka taɓa riƙe ma'auni da hannunsu suna gane abu tun malami bai rufe baki ba, ni kuwa ina haddace abin da ban taɓa gani ba. Abokin karatuna da ya karɓi gurbin da na raina, masana'antar ta ci gaba da kiransa duk hutu, kuma kafin ya gama karatu aiki na jiransa. Don haka idan aka miƙo maka gurbi, kada ka auna shi da kyan gini ko sunan kamfani. Tambayi abu biyu: wa zai koya mini, kuma za a bar ni in taɓa aikin? Sau da yawa ƙaramin wuri ya fi babba koyarwa, domin a can mutum ɗaya ne ke karɓar oda, ya yi lissafi, ya gyara inji, ya lallashi mai saye, kuma duk a gabanka zai yi.

Karo na biyu na je, amma jikina ne kawai ya je. An kai ni ma'aikatar tace ruwan sha, sashen gwaji. Na samu kujera a lungu na zauna ina jira a kira ni. A tunanina ladabi ke nan: kada in dami manya, kada in yi tambayar da za a ce ban san komai ba. Su kuma ma'aikatan suna da aikinsu, ba malaman aji ba ne da aka ɗauka don su bi ni da darasi. Da suka ga ban nuna sha'awa ba sai suka ƙyale ni, in an ga dama a aike ni in kai takarda. A gabana ake ɗebo ruwa a auna yawan sinadarin kulorin da ke cikinsa, a duba gurɓacewarsa, a rubuta sakamako a littafi, ban taɓa cewa "Don Allah, me ya sa ake yin wannan?" ba. Sai dab da ƙarshe wata ma'aikaciya, babbar mace mai haƙuri, ta ce da ni: "Ɗana, tun da ka zo nake jira ka tambaye ni wani abu." Ranar ta nuna mini yadda ake gwajin tun daga farko har ƙarshe, ta bar ni na yi da hannuna, na ɓata, na sake. Abin da na koya a ɗan lokacin da ya rage ya fi duk na makonnin baya, kuma har yau ina jin zafin waɗanda na zubar.

A nan nake so in daɗe, domin wannan kuskuren ya fi kama yaran kirki, masu kunya da tarbiyya. Kunya abu ne mai kyau, amma ladabi bai hana tambaya ba. Akwai yadda ake yi. Kada ka tari mutum yana tsakiyar aikin da ke buƙatar natsuwa, rubuta tambayarka a ɗan littafi, in ya sarara ka ce, "Malam, ɗazu na ga ka yi kaza, ban gane dalili ba." Ban taɓa ganin gwanin da ya ji haushin irin wannan ba. Yawancin masu sana'a suna da abubuwa cike da ciki da ba wanda ya taɓa tambayarsu. In an ba ki aikin da kike ganin ƙarami ne, kamar jera fayil ko shigar da lambobi a kwamfuta, ki yi shi da kyau, sannan ki tambaya ina takardun nan suke zuwa daga nan, wa ke amfani da su, me zai faru in an yi kuskure a ciki. Daga nan ake gane yadda ma'aikata take tafiya. Kuma ku riƙa tambayar mutane labarin kansu: me suka karanta, ta ina suka shigo, da za a dawo da su shekarunku me za su canza. A irin wannan hira za ka ji sunayen ayyukan da ba ka taɓa sanin akwai su ba, kuma a garinku ake yin su.

Zuwa a kan lokaci da ajiye waya a aljihu ba sai na tsaya a kansu ba, kun sani.

Kuskurena na uku shi ne da na gama na juya baya. Ban koma na yi godiya yadda ya kamata ba, ban karɓi takardar shaida ba, ban riƙe lambar kowa ba. Bayan shekaru, ina babban birni ina yawon neman aiki da takardu a hannu, inda ba wanda ya san ni, sai na ji an ɗauki sababbin ma'aikata a wancan sashen da na zauna. Da na riƙe zumunci, da wani ya tuna da ni. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya yi bincike a garin Newton kusa da Boston kan yadda mutane ke samun aiki. Ya gano cewa waɗanda suka samu ta hanyar wani, galibi ba ta hannun aminansu na kullum ba ne, ta hannun mutanen da suke gani jefi-jefi ne. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka sani shi ya sani, amma wanda kuka yi aiki tare na ɗan lokaci yana jin labaran da ba sa zuwa kunnenka. Mutanen da za ka sani a koyon aikin hutu irin waɗannan ne. Gaisuwa lokaci-lokaci, da sanar da su in ka ci jarrabawa ko ka samu gurbin karatu, ta isa ta riƙe igiyar.

Kada kuma a ce na ce ku yarda da komai. Koyon aiki daban, bautar da yaro daban. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 138, ta shekarar 1973, ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun fara aiki, ta yarda da aiki mara nauyi daga shekara 13 in bai taɓa lafiya ko karatu ba, ta kuma ajiye aiki mai haɗari sai an kai 18. Kowace ƙasa tana da nata dokokin a kan haka. Kafin ka fara, iyayenka da makarantarku su san inda kake, a fayyace awa nawa za ka yi, wa ke kula da kai, da kuma ko akwai alawus. Maganar alawus ba kwaɗayi ba ce. In babu ko kuɗin mota, 'ya'yan masu hali ne kaɗai za su iya zuwa, kuma garin da ke son riƙe yaransa bai kamata ya zaɓe su da aljihun iyayensu ba. In aka sa ka aikin da ke da haɗari ba kayan kariya, ko wani ya yi miki maganar da ba ta dace ba, ba a yin shiru. A faɗa wa iyaye ko malami a ranar.

Ba kuma cewa nake yi dole kowa ya zauna a garinsu ba. Wani karatun babu shi a kusa, wani aikin sai an yi tafiya, kuma wanda ya fita ya ga duniya yakan dawo da abin da na gida ba su da shi. Kamfanin da ya ba ka horon hutu bai saye ka ba. Abin da nake ƙi muku shi ne irin tafiyar da na yi, ta wanda bai san abin da ya bari ba, bai kuma bar kowa da zai kira shi ba. Wanda ya yi hutu biyu ko uku yana shiga wuraren aikin yankinsu, in ya tafi ya san me yake nema a can, in ya tashi dawowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

In makarantarku ba ta da irin wannan shiri, kada ku zauna jiran a kawo. Tun saura wata guda ko biyu a yi hutu, rubuta wurare uku da kake son sanin aikinsu. Nemi malami ya ba ka 'yar wasiƙa mai hatimin makaranta, ka je da kanka cikin shiga mai tsabta, ka nemi ganin shugaban sashe. Faɗi sunanka da ajinka, da abin da ya ja hankalinka ga aikinsu, ka ce kana roƙon a bar ka ka zo ka koya ko na mako biyu ne. Wasu za su ce ba su da tsarin haka. Yi godiya, ka tambaye su ko sun san wani wurin da zai karɓe ka, ka wuce na gaba a takardarka.