Daga Kano zuwa Damagaram a kan sabon babur

Babur ɗin da na yi wannan tafiya a kansa Boxer ne, na saye shi a Fagge bayan na sayar da tsohon Jincheng ɗina na haɗa da kuɗin adashi. Farashinsa ya haura naira miliyan ɗaya, alhali irinsa ne ake saye a ƙasa da naira dubu 300 kafin shekarar 2020, kuma wannan ita ce maganar da duk mai babur yake fara yi a yau idan aka zauna hira. Da katin ɗaurin auren ɗan wani aminin mahaifina ya iso daga Damagaram, mutanen gida sun so in bi motar haya, amma bakanikena ya goyi bayana, da sharaɗin kada in wuce gudun kilomita 60 a awa, in riƙa tsayawa inji yana hucewa, sannan in juye baƙin mai da zarar na dawo, domin sabon inji ba ya son a matsa masa kafin ya saki jiki.

Na canji kuɗi a Wapa tun ana gobe tafiya, kuma a nan na fara jin nauyin hanya kafin in hau ta. Jikka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, wadda a wajajen 2014 ake ba da ita a kan naira 300 da 'yan kai, yanzu ta haura naira 2,000. Na haɗa takardun babur da lasisi da inshora da fasfo da katin rigakafin shawara a cikin leda guda, na ɗaure jaka a kariya da roba, na sa tib sabo da sifana da fulogi a ƙarƙashin kaya. Lokacin hunturu ne, saboda haka na sa jaket mai kauri a kan riga biyu, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, na naɗe hanci da baki da rawani, sannan na ɗora hular kwano.

Wanda bai taɓa tuƙa babur da asuba a cikin hunturu ba, ba zai san yadda sanyi yake shiga ƙashi ba. Kafin in kai Dambatta yatsuna sun sandare har ina jan kuloci da ƙyar, dole na tsaya wurin mai shayi na riƙe kofi da hannu biyu har jini ya dawo. Daga nan zuwa duwatsun Kazaure hanya ta yi daɗi, ana hango aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a wasu wurare. Abin da ya ɓata mini rai shi ne halin wasu direbobin manyan motoci da na haya, waɗanda idan za su wuce wata mota sai su shigo hannunka gaba ɗaya suna kunna maka fitila, su tilasta ka ka sauka daga kan kwalta ka faɗa cikin yashi. A ganinsu mai babur ba shi da rabo a titi. Wannan raini shi ne ya bi ni har bakin iyaka.

A wani shinge bayan na wuce Daura, wani jami'i ya ɗaga mini hannu, na tsaya na kashe inji na yi masa sallama. Bai amsa ba. Ya zagaya babur ɗin yana dukan tanki da sandarsa, ya ce: "Kai, ina ka samo wannan?" Na ce masa saye na yi, na miƙa masa rasit da sauran takardu. Ya jujjuya su ba tare da ya karanta ba, ya ce irinmu ne muke kai wa 'yan daji babura, ya zare makulli ya sa a aljihu ya koma ƙarƙashin bishiya ya zauna. Motoci masu baƙin gilashi suna ta wucewa yana ɗaga musu hannu da fara'a. Na san abin da yake jira, kuma na ƙudurta ba zan ba shi ba, tun da babu abin da ya rage a takarduna. Na tsaya a rana ban ɗaga murya ba, har wani babba a cikinsu ya taso ya karɓi takardun, ya gwada lambar inji da ta jikin babur da abin da aka rubuta, ya mayar mini da makulli ya ce: "Yi haƙuri Malam, Allah ya kiyaye hanya." Ba na musun cewa 'yan bindiga suna amfani da babura, kuma duk wanda ya san abin da ya faru a ƙauyukan Katsina da Zamfara ba zai ƙi a bincike shi ba. Amma bincike daban, wulaƙanci daban, kuma duba lamba bai ɗauki babban nasu minti biyu ba.

A Kongolam na gama da ɓangaren Najeriya, na tsallaka Ɗan Barto. Wannan iyaka ce da aka rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a sake buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024, kuma har yanzu mutanen wurin suna ba da labarin wahalar waɗannan watanni, lokacin da babur ne kaɗai yake iya bin hanyoyin gona ya sada 'yan'uwa. A ɓangaren Nijar an tambaye ni takardu ɗaya bayan ɗaya, an rubuta lambar babur a littafi, an ba ni takardar izinin shiga da shi, na biya kuɗi aka ba ni rasit. An ɗauki lokaci, kuma babu wanda ya yi mini murmushi, amma babu wanda ya kira ni ɓarawo.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne lamarin mai. Duk wanda ya san wannan hanya a da ya san jerin babura masu ɗauke da jarkoki suna nufar arewa, da kwalaben fetur ɗin Najeriya a bakin titi tun daga iyaka har Damagaram. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a ranar 29 ga Mayu 2023 wannan sana'a ta ja baya sosai. Nijar tana da matatarta a arewacin Damagaram tun 2011, kuma gwamnati ce take ƙayyade farashi, wanda aka rage zuwa sefa 499 kowace lita a watan Yuli na 2024. Wani mai babur da muka sha ruwa tare a Matamaye, inda ake ta sayar da rake a bakin hanya, ya gaya mini cewa shi da yawancin abokansa sun jingine jarkoki sun koma ɗaukar fasinja da buhunan hatsi, kuma abin da suke samu bai kai na da ba.

Na bar Matamaye ba da nisa ba sai na ji bayan babur yana lilo. Ƙusa ce ta shiga tayar baya. Babu gari a kusa, sai gonakin gero da aka girbe da bishiyoyin gawo, ga iska tana kwaso ƙura. Ina cikin kwance kaya sai ga wani saurayi ɗan kabu-kabu a kan tsohon Kasea, ya wuce ni kaɗan sannan ya juyo. Ya yi sallama, ya ce: "Sannu baƙo, faci ne?" Kafin in amsa ya durƙusa, muka ɗora babur a kan jaki biyu, ya sassauta sarƙa ya zare taya da saurin wanda ya saba. Ya ce kada in taɓa sabon tib ɗina tun da hanya da saura, ya rataya tayar a bayansa ya tafi ƙauyen da ke gaba. Na zauna ina tsaron babur mai ƙafa ɗaya a ƙasar da ban san kowa ba. Bai daɗe ba ya dawo da taya an yi mata faci an ba ta iska, ya ce mai faci ya karɓi dala ɗari, wato sefa 500. Na biya shi wannan, na ƙara masa jikka guda domin mansa da lokacinsa, sai ya ja da baya ya ce: "Haba Malam, ko tamma ba ni amsa. Gobe ni ne a hanyarku." Ya tsaya har na tayar da inji, ya raka ni zuwa Kance domin ya tabbatar facin ya kama, sannan ya juya. Irin wannan yaro ne wancan jami'i yake kallo a matsayin abin zargi, kuma raina ya sosu da na tuna haka.

Daga Takeita aka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai, kuma na shiga Damagaram da la'asar, fuskata da jaket ɗina duk sun yi fari da ƙura. Mai masaukina dattijo ne mai sayar da kayan gyaran babur, wanda ya shafe shekaru yana sarin kaya a Kano. Da ya gan ni a kan babur sai ya riƙe baki, ya ce: "Ɗana, a kan wannan ka zo tun daga Kano?" Na ce: "A kansa na zo, Baba." Kafin a kawo mini ruwa ya sa an shigar da babur ɗin cikin zaure an lulluɓe shi da bargo, ya kira yaron shagonsa ya wanke matatar iska ya shafa wa sarƙa mai, domin a cewarsa ƙurar hunturu ta fi gudu saurin kashe inji. An kawo fura mai sanyi, da dare kuma burabusko da miyar kuka da kilishi, kuma duk zamana a gidan bai bar ni na sayi ko lita ɗaya ta mai da kuɗina ba. Da na yi ƙoƙarin biya sai ya ɓata rai ya ce mahaifina bai taɓa karɓar kuɗinsa a Kano ba.

Damagaram gari ne na kabu-kabu. A ƙofar kasuwa, a bakin asibiti, a tasha, ko'ina samari ne a kan babura suna jiran fasinja, kuma dattijo da malami da mace mai goyo duk suna hawa ba tare da wani ya ɗaga kai ya dube su ba. Sai na tuna Kano kafin watan Janairu na 2013, lokacin da aka hana acaɓa bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A daidaita sahu ta maye gurbinsa, kuma ta fi shi aminci ga mata da yara, wannan gaskiya ce. Amma a lungunan Birni, tsohuwar unguwar da fadar Sarkin Damagaram take, inda gidajen ƙasa masu zane suke matse da juna a tsakanin manyan duwatsu, na ga wuraren da babu abin hawan da zai shiga sai babur. Garin da ya kasance hedikwatar Nijar har zuwa 1926 yana tafiyar da harkokinsa a kan abin hawa mai ƙafa biyu, kuma sana'ar tana ciyar da gidaje masu yawa.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne hular kwano, domin a nan babu bambanci tsakaninsu da mu. Da wuya ka ga mai ita. Samarin da suka taru suna duba babur ɗina sun fi mamakin hulata a kan babur ɗin kansa, wani ya ce zafi take sa wa, wani ya ce tana hana jin kiran fasinja. Irin waɗannan dalilai ne aka kawo a Najeriya a 2009, lokacin da aka tilasta sa ta har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka. Mutum zai kashe fiye da miliyan a kan babur, ya ƙara kuɗi a kan fitilu masu launi da ƙaho mai ƙara, amma ya ga tsadar abin da zai tsare masa kai. A wurin rakiyar ango na ga yara uku uku a kan babur ɗaya suna ɗaga ƙafar gaba a tsakiyar jama'a, kai babu komai, kuma na faɗa wa mai masaukina cewa manya irinsa ne ya kamata su tsawatar, tun da su ake jin maganarsu.

Ranar Alhamis na shiga kasuwar Dole. Kayan gyara da yawa daga Kano aka kawo su, saboda haka fulogi da takalmin birki da sarƙa duk sun fi na gida tsada idan aka juya kuɗin zuwa naira, ban sayi ko ɗaya ba. Wurin dukawa na yi ciniki. Na ga rigar sirdin babur ta jar fata mai ɗinkin hannu, mai ita ya ce jikka shida, na taya biyu, ya ce albarka ya ci gaba da aikinsa kamar ba ya so ya sayar. A Kano mai kaya yakan kira ka idan ka juya baya, a nan kuwa sai da na dawo da ƙafata. Da ya ji cewa a kan babur na zo daga Kano sai ya sallama a jikka uku da rabi, ya fito da kansa ya ɗaura mini ita, ya ja igiyoyin har ta zauna daidai. Ko a Kurmi ban ga mai ingancinta a wannan kuɗi ba.

Na juyo ranar Lahadi ta hanyar da na bi. Ranar kasuwar Mai'aduwa ce, titi ya cika da babura masu ɗauke da awaki da buhuna, tafiya ta yi nauyi har Daura. Shingen nan yana nan, amma wasu mutane ne a kansa, suka duba takardu suka sallame ni. Na yi azahar a Kazaure, na shiga Kano kafin magariba. Washegari bakanike ya juye baƙin mai, ya ɗaure sarƙa, ya duba facin Matamaye ya ce a bar shi, babu bukatar canza tib.