Abin da ɗaukar hoto ya koya mini a fadamar Haɗeja

Duk wanda ya yi aikin gyaran hanyar ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru ya san kachalla, doguwar ciyawar da ke tsirowa cikin ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani kamar da, sai ciyawar nan ta samu gindin zama. Ta toshe magudanai, ta kuma zame wa tsuntsun jan baki mafaka, daga nan yake far wa gonakin shinkafa. Nawa aikin shi ne ɗaukar hoton wuraren da jama'a ke gayyar sharewa.

Hoto ba ya zama shaida sai an ɗauke shi daga wuri guda, ana fuskantar gefe guda, a wata guda na kowace shekara. Shi ya sa muke kafa turken siminti a gaɓa mu shafa masa fenti. Na ƙarfe dai ba ya kwana biyu, wani zai ga yana da amfani a gida. Mukan sa goruba ko wata tsohuwar tsamiya ta fito a gefen hoton, mu kafa gora mai zanen ja da fari cikin ruwa don tsayinsa ya bayyana. Wanda ya jera hoton Afrilu da na Satumba ya ce kogi ya farfaɗo, damina yake yabo, ba aikinsa ba.

Kore ma yana ruɗi. Baƙo daga birni ya ga hoto shar sai ya ce masha Allah, alhali kachallar ce ta dawo. Mu buɗaɗɗen ruwa muke nema a tsakiya, da faɗin da kwalekwale zai ratsa. A jerin hotunan ne kuma muka ga bambancin yanka: inda aka sa lauje ƙarƙashin ruwa ciyawar takan ruɓe, inda aka sare ta daga sama kuwa kamar aski aka yi mata.

Zurfi kam hoto ba ya nuna shi, haka laka da ta taru a ƙasa. Wannan sai masunta. A bayan kowane hoto nakan rubuta abin da suka faɗa: iya inda gorar tuƙi ke nutsewa bana, da ko tarwaɗa da karfasa sun fara shiga koma.