Daga Katsina Zuwa Kwangwalam: Inda Dashe Ke Kamawa Da Inda Yake Mutuwa

Cikin watan Yuli muka tashi daga Katsina da sassafe, muka nufi Daura ta Mashi, tafiyar wajen kilomita 80. Gero ya kai gwiwa, manoma na ta maimai. Abin da ya fitar da mu shi ne ganin yadda Babbar Katangar Itatuwa take a ƙasa. Tarayyar Afirka ta amince da wannan shiri na dashen itatuwa don tare hamada a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, kimanin kilomita 8,000, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Katsina na cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya.

Bayan Mashi muka tsaya a wani wurin rainon itatuwa. Aikin nan da Maris ko Afrilu ake soma shi. Ana cika leda da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, domin ɗanyen taki ƙone saiwa yake yi. Irin gawo da na bagaruwa ɓawonsu na da tauri, sai an zuba musu ruwan zafi sun kwana a ciki, ko a ɗan kankare gefe, sannan su tsiro. Duk mako biyu ana ɗaga ledojin a datse saiwar da ta huda ƙasa. In an yi sakaci da wannan, ranar ɗauka saiwar za ta tsinke, tsiron ya yi yaushi tun a mota.

Na tambayi dattijon da ke kula da wurin: "Baba, me ya fi kashe muku dashe?"

"Ɗana, makara da akuya," in ji shi.

Gaskiyarsa. Ruwan wannan yanki wajen milimita 600 ne a shekara, cikin wata huɗu. Tsiron da aka dasa a Yuli yana samun kwanakin da zai kafa saiwa. Wanda aka ajiye sai ƙarshen Agusta don jiran ranar biki, hunturu na zuwa ya tarar da shi a sama-sama. Mun ga irin wannan fili kafin Daura: ramuka a jere, allo a tsaye, dashen bara kuwa sai ƙirare. Da na tona guda biyu, ledar na nan naɗe da saiwar, ba a ma yage ta ba. Abin ya ɓata mini rai, domin kuɗi da gumin mutane ne. Ramin kirki yana da zurfi da faɗi, a yi masa shingen ƙasa mai siffar rabin wata ta gangare don ya tare ruwa, a kewaye shi da ƙaya, a riƙa duba gara. Sannan a san mai shi. Itacen da ba na kowa ba, da rani na awaki ne.

Daura ba mu daɗe ba, muka yi azahar muka miƙe Mai'aduwa. Daga nan zuwa Kwangwalam, garin kan iyakar Nijar, gonaki suka canza kama: gawo, kalgo, sabara, magarya da aduwa a tsakiyar gero, kuma yawancinsu ba dasa su aka yi ba. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda ya bunƙasa a ƙasar Maraɗi tun 1983, ya mamaye wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Manomi ba ya tumɓuke kututture lokacin sharar gona. Yakan zaɓi rassa 3 zuwa 5 masu ƙarfi, ya sare sauran da kaifin gatari daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, ya ɗaura tsumma alamar da mai shi, ya dawo bayan 'yan watanni ya sake gyarawa. Saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, ba ta buƙatar ban ruwa. A ganina nan ya kamata kaso mai tsoka na tallafin ƙasashen waje ya tafi.

Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, shi ya sa muka hango sheƙunan shamuwa fili a kan wani babba a bakin ƙauye. Tsuntsuwar nan daga kudancin Afirka take zuwa ta yi ƙwai, tana cinye fara da tsutsar gona, kuma galibi a kan dogon itace take sheƙa. Ungulu ce ba mu gani ba ko ɗaya, har a mahauta. Tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, saboda gubar da ake sa wa mushe, da cinikin sassanta wajen masu magani, da sare manyan itatuwan da take sheƙa.

A Kwangwalam muka tsaya, hanyar ta ci gaba zuwa Matamai da Damagaram. Can Nijar raƙuman dawa sun ragu zuwa kusan 50 a 1996, aka kare su tare da itatuwan da suke ci, yanzu sun haura 600. A 2018 aka kwashi 8 zuwa dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Hadari ya haɗo daga gabas, muka juyo don mu riski Daura kafin magariba.